Sauti Biyar da Fiton Armiya'u

Asabar, 10:20 na safe

Masu jaje sun fara raguwa. Kowace mace da ta shigo sai ta fara duban fuskata, ta ga ko na yi kuka yadda ya kamata, sannan ta dubi bango inda jitar Armiya'u take rataye, ta kau da kai kamar ta ga kwalbar giya. Ba su san gaisuwar da za su yi mini ba. "Allah Ya jiƙansa" ya yi wuri, "ya maigida" kuma ya zama zagi. Sun tsaya a kan "ya muka ji da wannan abu". Wannan abu. Ni ma haka zan riƙa kiransa.

Bari in rubuta yadda aka yi, tunda kowa ya fara yi wa labarin kwaskwarima. Mijina Armiya'u malamin dabbobi ne. Ranar Alhamis ya tafi kasuwar Shinkafi duba shanu kamar yadda ya saba. 'Yan bindiga sun tare motarsu a hanyar dawowa Kaura, suka shiga daji da shi. An tsinci takalminsa ƙafa ɗaya, aka kawo mini a leda. Na yi godiya. Ban san me ake so in yi da shi ba.

Litinin, 2:00 na rana

Inna, mahaifiyarsa, ta iso daga Zurmi, da babban wansa Yaya Sirajo da ƙanwarsa Saude. A nan za su zauna, don sabis ɗin waya ya fi tsayawa a Kaura. Yaya ya ɗora wayarsa a kan randa, wai nan ta fi kamawa. Duk mai son shan ruwa sai ya nemi izini.

Shugabar makarantarmu ta ba ni hutu. Ta ce 'yan mata za su yi haƙuri da darasin kimiyya. Ba na tsammanin haƙurin zai yi musu wuya.

Talata, 6:30 na yamma

Ba su kira ba.

Laraba, 11:45 na safe

Sun kira, da lambarsa. Ba zan rubuta abin da suka nema ba. Gonar gado ta Zurmi ce kaɗai za ta iya ɗaukarsa, wadda Inna da Saude ke ci daga cikinta, gero kuma ya kusa isa yanka.

Yaya ya ce a ba shi ƙanensa. Sai wata murya can ƙasa: "Inna... Inna..." Aka katse. Suka sake kira suka ce ba shi da lafiya, iyakar maganar da zai iya ke nan.

Inna ta ce shi ne. Ni dai na san duk namijin da ke jin jiki a Zamfara haka zai ce. Na faɗa. Saude ta ce, "Matar Yaya, ke ko ciwo sai an kawo miki shaidar likita?"

Tambayar ke nan kuma, ba wata: yana raye ko ba ya raye, kafin gonar ta tafi.

Alhamis, 4:15 na yamma

Na sami saƙon murya da ya turo mini a bara. Ina zaune kusa da shi ya ɗauke shi, ina gyaran takardun jarrabawa da kofin shayi a gefena. Wai aikin gida ne ya ba ni.

"Zulai, saurara. Wannan tambaya ce." Sai jita, ɗan gajeren kiɗa da ke hawa ya tsaya a sama kamar mai jiran a ce masa wani abu. "Wannan kuma amsa." Sai ya yi fito. A tsakiyar fiton na buga cokali a jikin kofi don in ba shi haushi, fiton ya karye da dariya, ya ƙarasa da ƙyar. Sannan ya ce, "Ranar da kika iya tambayar zan ba ki amsa. Kuma ba zan taɓa ba ki amsa iri ɗaya sau biyu ba. Ƙa'idar kiɗan ke nan."

Buluz yake kiransa. Kiɗan baƙaƙen Amurka. Yakan ce sauti biyar ne kawai, namu ne aka tafi da su a jirgin ruwa, suka dawo da wando da hula. Nakan ce masa ya je ya duba akuyoyin mutane.

Ban taɓa buɗe saƙon ba sai yau.

Juma'a, 3:30 na yamma

Na kai wa Yaya shawara bayan ya dawo masallaci. Na ce mai ciwon da ya iya cewa Inna zai iya fito. A bar ni in yi masa tambayar nan, in ya amsa mun san shi ne.

"Ba ki magana da su," in ji shi. "Muryar mace ba ta shiga kunnen waɗanga mutane."

"Ba da murya ba, Yaya. Da wancan."

Ya dubi bango. Shekara da shekaru yana yi wa ƙanensa wa'azi a kan wancan. Ya buɗe baki, Inna ta riga shi daga kan tabarmar salla.

"Bar ta ta yi. Yaron ga tun yana ƙarami nike bugun shi kan fito, ina ce mishi shaiɗanu yaka kira. Hannuna ya gaji bai bari ba. In shi ne, ni na san fiton ɗana."

Na roƙi Yaya abu ɗaya: kada ya gaya musu me za mu yi. Ya ce shi ba yaro ba ne.

Saura ƙaramar matsala. Ban iya ba.

Asabar, 9:00 na safe

Na sauko da jitar. Wajen wani Buzu Armiya'u ya saye ta a Shinkafi. Ƙaramar tsirkiyar ta taɓa tsinkewa, ya maye ta da wayar kulocin babur. Wuyanta ya yi duhu a wuraren da hannunsa ya fi zama.

Na sami malami a bidiyon waya: bature mai gemu, jitoci jere a bayansa, yana murmushi irin na wanda ba a taɓa tare hanyar garinsu ba. Ya ce sunan abin fentatonik. Sauti biyar, ana hawa ana sauka. A fara daga gaɓa ta biyar a wuyan jita, manuniya a kan ta biyar, ɗan ƙaramin yatsa a kan ta takwas, sannan a sauka tsirkiya ta gaba. Yana kiran wurin akwati. Ya ce muddin kana cikin akwatin ba za ka taɓa buga kuskure ba.

Bai san ni ba.

Sai da na yanke farcen hannun hagu har nama. Lallen sallah ya tafi da su.

Lahadi, 5:40 na yamma

Ɗan ƙaramin yatsana ba ya jin magana. Digiri gare ni a kimiyyar sinadarai, amma yatsa ɗaya ya ƙi zuwa inda na aike shi. Tsirkiya ko ta yi zizar ƙudan zuma ko ta yi gum.

Ba su kira ba.

Talata, 12:10 na rana

Saude tana tsince shinkafa tana kallona.

"Matar Yaya, kin san mi aka cewa a layi?"

"Gaya mini."

"Wai miji na daji, mata na gida tana kiɗa."

"Ba su yi ƙarya ba."

"In kin ƙware mu riƙa kai ki biki. Ni ce 'yar amshi."

"Da wannan muryar taki? Sai dai a kai mu korar tsuntsaye a gona."

Ta yi dariya, sai kalmar gona ta tsaya tsakaninmu. Ta sunkuyar da kai cikin faranti. A gonar nan aka ce za a yi mata kayan ɗaki bana. Ba ta taɓa ambata ba, ko sau ɗaya. Na fi son ta zage ni.

Laraba, 7:05 na safe

Kan yatsuna sun yi ƙuraje masu ruwa. Bature ya ce alama ce mai kyau, za su zama kanta. Komai a wurinsa alama ce mai kyau.

Alhamis, 4:50 na yamma

Ranar kasuwar Shinkafi. An ce motoci sun tafi, sun kuma dawo. Mutane na sayen shanu ba tare da an duba musu haƙori ba, duniya ba ta tashi ba.

Na iya hawa da sauka cikin akwatin ba tare da na tsaya ba. Ba kiɗa ba ne. Kamar yaro ne yana karanta baƙi. Amma na gano tambayar Armiya'u tana ciki, sauti huɗu daga cikin biyar ɗin. Na ƙarshen ne ba ya nan a kowace gaɓa. Na nema har na gaji. Ashe tura tsirkiyar ake yi sama da yatsa har sautin ya miƙe ya yi kamar kuka. Bature ya ce a haɗa yatsu uku a tura. Na haɗa. Ƙurjin ya fashe.

Inna ta aiko Saude da man kaɗe.

Juma'a, 2:40 na rana

Sun kira. Yaya ya fita da wayar zaure, ya daɗe. Sun ba da ranar Laraba, za su sake haɗa mu da shi. Wani ɗan kasuwar hatsi ya riga ya je ya zagaya gonar, ya murza zangarniya a tafin hannu, ya ce don taimako zai saya. Allah Ya saka wa masu taimako.

Limamin layinmu ya aiko a gaya wa Yaya cewa gidan da ake jiran rahama ba a kiɗa a cikinsa. Yanzu ina cusa tsumma a ƙarƙashin tsirkiyoyin. Rahama ba za ta ji ba.

Asabar, 11:00 na safe

Darasin yau: ƙirƙira. Bature ya ce kada ka haddace, ka faɗi abin da ke bakinka da sauti biyar ɗin nan, gajere, sannan ka yi shiru ka bar wa amsa wuri. Ya ce masu koyo ba sa iya shirun, sai su yi ta cika shi da hayaniya saboda tsoro.

Na gwada. Ba ni da abin faɗa. Tambayar Armiya'u kawai yatsuna suka sani, ita suke komawa kamar jakin da ya san hanyar gida.

Lahadi, 6:15 na yamma

Na wanke takalmin. Ban san dalili ba.

Litinin, 10:30 na safe

Ta fito. Tambayar, daga farko har ƙarshe, har da kukan. Na cire tsumman na sake yi. Saude ta saki muciya a tukunya ta leƙo.

"Wallahi na ɗauka Yaya Armiya'u ne."

Sai ta rufe baki da hannu ta koma madafa. Tuwon ya yi gudaji, kowa ya ci bai ce uffan ba.

Talata, 8:20 na safe

Na tambayi Yaya ko ya gaya musu. Ya ce gaya musu mi. Na ce abin da za mu yi gobe.

Ya gyara hula. "Mutanen ga ba su son a zo musu da abin da ba su sani ba. In sun ji kiɗa kwatsam suka ce raini ne fa? Wa za su huce a kai? Na ce musu matar shi za ta buga mishi abin shi, shi ko ya yi fito. Shi ke nan."

"Wayarsa tana hannunsu, Yaya."

"To sai mi?"

Na dube shi. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Tun da aka fara wannan abu shi ke sauraron muryarsu, shi ke ce musu ranka ya daɗe. Wataƙila ba za su bincika ba. Wataƙila saƙon muryar ya goge daga wayar. Yau na yi ta tara wataƙila.

Laraba, 1:30 na rana

Zan rubuta shi a jere.

Sun kira da hantsi. Ba da lambarsa ba, da wata. Na lura da wannan tun kafin a ɗauka. Yaya ya buɗe lasifika ya ajiye wayar a kan tabarma. Inna a dama, Saude a bakin ƙofa. Wani ya ce, "To, ga shi nan. A yi mu ji."

Na buga tambayar, ta fito. Na tura tsirkiyar, ta yi kukanta, na tsaya.

Shiru. Motsi. Sai fito.

Fitonsa ne. Babu mai irinsa, yana da ɗan kaushi saboda wushiryarsa. Inna ta faɗi da goshi a ƙasa. Saude tana "Yaya! Yaya!" Yaya Sirajo yana ta alhamdulillahi, hawaye har gemu. Ni ma, na ɗan lokaci. Ina so a rubuta cewa ni ma.

A tsakiya fiton ya karye, ya ƙarasa da ƙyar.

Na ce, "A dakata." Ban san ina da murya ba. Yaya ya ɗaga mini hannu, ban kula ba. Na mayar da yatsuna cikin akwatin na buga wani abu da ban taɓa bugawa ba. Ban shirya shi ba. Ya fara daga sama ya gangaro, ya tsaya a kan tsirkiya mai kauri, can ƙasa. Ban san kyansa ba. Abin da ke bakina ne. Karo na farko ke nan da na ƙirƙiri wani abu, bature zai yi murna.

Na ji ana magana ƙasa-ƙasa. Sai fito.

Shi ne dai. Hawa ɗaya, numfashi a wuri ɗaya. Wannan karon na kasa kunne ga abin da ke bayansa, na kuwa ji: ƙwal. Cokali a jikin kofi. Sannan fiton ya karye.

Cokalina ne. Kofin yana kan tagar ɗakina yanzu haka.

Mutumin ya ce, "Kun ji ko? Sau biyu ma. Asabar." Ya kashe.

Laraba, 5:00 na yamma

Na kunna musu saƙon. Na nuna musu inda cokalin yake. Na kunna har inda yake cewa ba zai taɓa ba ni amsa iri ɗaya ba.

Saude ta ce, "To ai mara lafiya ne, matar Yaya. Wanda ya tuna shi zai yi."

"Da cokalin?"

"A daji ba a shan shayi?"

Inna ta ce, "Fiton ɗana ne ko ba nashi ba ne?"

"Nasa ne, Inna."

"To."

Yaya ya sa aka ɗauko Alƙur'ani, bai miƙo mini ba, ya dai riƙe. "Zulaihat, ke kika kawo wanga gwaji, mun bi ki. An yi, ya amsa. Yanzu kin ce ba haka ba. Kina iya rantsewa ba shi da rai?"

Ba zan iya ba. Abin da na sani shi ne, da yana iya fito da sun ba shi ya yi. Wannan ba rantsuwa ba ce, lissafi ne. Na faɗa musu haka.

"Boko," in ji Yaya, a hankali, ba da faɗa ba. Ya mayar da Alƙur'anin cikin gafaka.

Ni na kawo musu hujjar. Da hannuna, da ƙurajena. Kafin in ɗauki jitar nan Yaya yana da shakka, na gani a idonsa. Yanzu ba shi da ita.

Alhamis, 9:40 na safe

Sun tafi Zurmi sa hannun sayar da gonar, Yaya da Inna. Inna ta tsaya a ƙofar ɗakina da mayafinta. Na zaci faɗa za ta yi.

"Ɗiyata, in na bar gonar ga, ya zamana yana da rai fa? In ci geron?"

Ta gyaɗa kai kamar na ba ta amsa, ta fita.

Ina jin ta ji cokalin.

Asabar, 6:50 na yamma

Yaya ya kai kuɗin. Ya dawo shi kaɗai. Sun ce gobe za su sako shi a bakin hanya.

Saude ta jiƙa gero, za ta yi masa fura. Ta share ɗakin, ta tambaye ni ina ɗaya takalmin, na ce yana can tare da shi. Ta ce to a ajiye wannan a bakin ƙofa su haɗu.

Lahadi, 7:00 na yamma

Furar ta yi tsami.

Talata, 3:15 na yamma

Lambobin biyu a kashe. Yaya yana tafiya bakin hanya da safe, ya dawo da azahar. Ba ya kallona. Da ya zage ni da ya fi mini, amma gidan nan ba a yi mini wannan alfarmar.

An ce ɗan kasuwar ya fara yankan gero. An ce ya yi kyau bana.

Alhamis, 8:30 na safe

Na tambayi wata malama ko zan shiga takaba. Ta ce ba a takaba da zato, sai an ga gawa ko an sami shaidu, ko alƙali ya yanke bayan shekaru. Har zuwa lokacin ni matar aure ce, in ci gaba da kwalliyata.

Na cire 'yan kunnena na sa a cikin kofin. Inna ta gani da na kai mata koko. Ta daɗe tana duban kunnena, sannan ta ce kokon ya yi daɗi.

Juma'a, 4:30 na yamma

Yatsun sun yi kanta, ba sa ciwo kuma. Ban sa tsumma ba yau. Liman ya aiko in yana so.

Na koma darasin ƙirƙira. Bature yana nan da murmushinsa. Ka faɗi gajeren abu, ka tsaya, ka bar wa amsa wuri. Ya sake cewa shirun ne ya fi ba masu koyo wuya.

Na buga tambayata, wadda ke gangarowa ƙasa. Na ɗora tafin hannu a kan tsirkiyoyin.

Wannan ɓangaren na iya shi.